Masallacin Ballyhaunis da Tarihin da Aka Manta

Tun daga daren 23 ga Nuwamba 2023, sa'ad da tarzoma ta ɓarke a Dublin aka ƙone motocin haya, ake ta yayatawa a tsakaninmu cewa mutanen Ailan baki ɗaya sun juya wa baƙi baya, alhali mai yanke wannan hukunci bai san ƙasar ba sai ta hoton waya. Da ya yi haƙuri ya nausa yamma zuwa lardin Mayo, da ya iske Ballyhaunis, garin da jama'arsa ba su kai dubu uku ba, wanda ƙidayar 2022 ta nuna fiye da sulusin mazaunansa ba 'yan ƙasa ba ne.

Mutanen wannan lardi sun san ɗacin hijira tun kafin baƙo ya sauka musu. Yunwar da ta soma a 1845, lokacin da cuta ta ruɓar da dankali tun yana cikin ƙasa, ta mayar da al'ummar Mayo daga 388,887 a 1841 zuwa 274,499 a 1851, wasu kabari ya karɓe su, wasu jirgin ruwa ya kwashe su zuwa Ingila da Amurka. Har Sultan Abdulmajid na Istambul, da labarin musibar ya riske shi, ya aika da gudummawar fam 1,000. Wa ke karantar da wannan a yau?

A shekarun 1970 wani attajiri ɗan Pakistan, Sher Rafique, ya kafa mayankar halal a garin, yana sayen shanu da tumaki daga manoman yankin, mahauta Musulmi suka biyo shi da iyalansu, har a 1987 aka gina masallaci, na farko a ƙasar da aka aza harsashinsa domin salla. Kamfanin ya durƙushe a 1992, amma ba a fasa sahun Juma'a ba, jikokin mahautan nan kuwa suna riƙe da sandar hurling, wasan gargajiyar Ailan, a filin ƙungiyar gari.

Inda laifi yake, a wuyan hukuma yake. Masu neman mafaka da aka ajiye a tsohon gidan mata masu zuhudu na garin sun yi shekaru suna jiran hukunci, doka ta hana su neman abin kansu, sai da Kotun Ƙoli ta tsoma baki a 2017. Ya wajaba mahukunta su gaggauta duba takardunsu, domin yaron da ya yi wayo a ɗaki guda da iyayensa babu mai biyansa waɗannan shekaru.