Yadda Dabbobi da Tsirrai Ke Mayar da Martani ga Muhallinsu

1.0 Gabatarwa

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da abu mai rai, kamar haske da zafi da sanyi da ruwa da ƙasa da sauran halittu. Waɗannan abubuwa kan sauya daga lokaci zuwa lokaci, kuma kowane mai rai yana da hanyar gane sauyin da ɗaukar matakin da zai tsirar da shi. Wannan matakin shi ake kira martani. A ƙasar Hausa, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa biyar, babban abin da halittu ke fama da shi shi ne zuwan ruwa da ɗaukewarsa. Saboda haka misalan wannan babi za su fi karkata ga wannan fanni.

2.0 Martanin Tsirrai

Tsiro ba ya iya barin inda ya fito, don haka martaninsa yakan bayyana ne ta hanyar girma, ko zubar da ganye, ko zaɓen lokacin fure. Idan aka shuka wake a gwangwani aka ajiye shi kusa da taga, cikin 'yan kwanaki za a ga ya karkata wajen haske. A shekarar 1880 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, da ɗansa Francis suka nuna cewa kan tsiro ne ke jin haske. Daga baya aka gano wani sinadari mai suna oksin, wanda ke taruwa a gefen da ke cikin inuwa, ya sa gefen ya fi saurin tsawo, har karan ya lanƙwasa. Saiwa kuwa ƙasa take nufa, ko yaya aka kwantar da irin.

Ƙarancin ruwa ma yana jawo martani. Idan aka yi fari, ganyen masara da na dawa kan naɗe da tsakar rana, ƙananan ƙofofin da ke jikinsa su rufe, domin rage ruwan da ke fita. Kuka takan zubar da ganyenta da rani, ta dogara da ruwan da ta tara a gangar jikinta. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran itatuwa, domin da damina yake kakkaɓe ganye, ya sake tofo bayan ruwa ya ɗauke, yana shan ruwan ƙarƙashin ƙasa da doguwar saiwarsa. Wannan ne ya sa gero ke yin kyau a gindinsa: ba ya tare masa rana, ga kuma takin ganye da kashin dabbobin da suka sha inuwarsa da rani. Manoman jihohin Damagaram da Maraɗi sun mayar da hankali ga rainon gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980.

Dawar gargajiya, irin su kaura da farafara, tana auna tsawon yini. Ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, ko da an yi sammakon shuka ta. Da haka ƙwayarta ke nuna bayan ruwa ya ja baya, ta tsira daga ruɓewa.

3.0 Martanin Dabbobi

Dabba tana da gaɓoɓin ji da jijiyoyi, don haka martaninta ya fi na tsiro sauri. Ƙadangare ba ya iya ɗumama jikinsa da kansa, shi ya sa yake hawa katanga da hantsi ya sha rana, ya koma inuwa idan ta take.

Wasu dabbobin ƙaura suke yi. Shamuwa takan iso ƙasar Hausa da bazara, gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fari da sauran ƙwarin da damina ke kawowa. Idan kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin. Shi ya sa manomi ke ɗaukar ganinta a matsayin alamar a gyara gona.

Gaiwa ba ta ƙaura. Idan fadama ta fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majinar jikinta, ta bar 'yar kafa da take shaƙar iska, domin tana da huhu. Haka za ta kwanta watanni, jikinta na aiki a hankali, tana rayuwa da abin da ta tara a tsokarta, har ruwa ya dawo. Maganar Hausawa cewa gaiwa jikinta take ci ta dace da abin da kimiyya ta tabbatar.

Farar hamada kuwa cunkoso ne ke sauya ta. Idan tana warwatse ba ta da wata ɓarna. Amma idan ciyawa ta fara bushewa, farin suka matsu a wuri guda suna gogar ƙafafun juna na baya, sai launinsu da halinsu su sauya, su zama runduna mai tashi tare. Boris Uvarov ne ya fara bayyana irin wannan sauyi na fara a 1921. Irin wannan fara ce ta afka wa Jamhuriyar Nijar a 2004, ta haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga matsalar abinci a 2005.

4.0 Kammalawa

An ga cewa martani yana da matakai uku: sauyi ya auku a muhalli, mai rai ya gane shi, sannan ya ɗauki mataki. Sanin waɗannan matakai yana da amfani ga noma da kiwo, musamman yanzu da lokacin saukar ruwa ke yawan saɓawa. Ya kamata malamin Hausa ya fita da ɗalibansa su ga waɗannan halittu da idonsu, su tattaro sunayensu da karin maganar da ta shafe su daga bakin dattawa, domin kalmar da yaro bai san abin da take nufi ba saurin ɓacewa take yi.

5.0 Jinga

1. Bayyana ma'anar muhalli da martani, tare da misalai.
2. Kwatanta halin gawo da na kuka a lokacin damina da rani.
3. Tattaro karin magana guda 5 da suka ambaci dabba ko tsiro, ka fito da halin da kowanne ke nuni da shi.