Abin da Ke Ɓare Fentin Katanga a Herwagana da Yadda Ake Hana Shi

Katangar da ta kewaye gida ita ce sashen ginin da ya fi shan wahalar yanayi, domin ba ta da rufin da zai kare ta daga sama, kuma rana da ruwa suna dukan fuskokinta biyu, saɓanin bangon ɗaki wanda kwano ya yi wa inuwa. A Herwagana, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin garin Gombe, inda gidaje suke manne da juna kuma kwatoci suke bin gindin katangu, ba abin mamaki ba ne a ga fentin da aka shafa da rani ya kumbura ya soma zubowa kafin damina ta biyu ta wuce. Maigida yakan ɗora laifin a kan mai fenti, mai fenti kuma ya ce kayan da aka saya masa ne marasa kyau, alhali sau da yawa ruwan da ya shiga bayan fentin ne ya ture shi daga jikin bango.

Daminar Gombe takan fara wajen watan Mayu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta, kuma ruwan shekara yakan kai kimanin milimita 850 zuwa 900, wanda yawancinsa yake sauka da iska mai ƙarfi. Garin yana cikin kwari, saboda haka ruwan da ke gangarowa daga tuddan yamma yana jiƙa ƙasar tsofaffin unguwanni ya bar ta da laima. Bayan damina sai hunturu ya busar da komai, sa'annan zafin Maris da Afrilu, wanda yakan kusanci digiri 40, ya gasa bangon da rana ya bar shi ya huce da dare, kuma wannan buɗewa da tsukewa ita ce take haifar da 'yan siraran tsage a jikin filasta.

Babbar hanyar da ruwa yake bi ita ce ta ƙasa. Bulon siminti yana cike da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda suke zuƙo danshin ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani yake zuƙo kananzir, har ya kai kusan mita guda, kuma shi ya sa ɓarewar takan fara daga gwiwa zuwa ƙasa yayin da saman katangar yake nan lafiya. Ruwan ba ya hawa shi kaɗai, yana ɗauke da gishirin da ya narko daga ƙasa da yashi da siminti, to idan ya bushe sai gishirin ya daskare a ƙarƙashin fentin, ya ƙara girma, ya ɗaga shi. Wanda ya sa farce ya ɓanɓaro irin wannan wuri zai tarar da farin gari mai kama da kanwa, filastar kuma tana marmashewa a hannu. Maganin tun daga tushe shi ne a shimfiɗa leda mai kauri ko takarda mai kwalta a kan fandisho, taki guda sama da ƙasa, kafin a ɗora sauran bulo. Abin takaici, magina da yawa suna yi wa ɗakuna wannan, amma suna ganin asarar kuɗi ce a yi wa katanga. Inda aka riga aka yi gini, abin da ya rage shi ne a raba gindin katangar da ruwa: a yi mata daɓen siminti mai gangara zuwa waje, a gyara kwatar da ke yoyo, a matsar da wurin alwala da wanke-wanke, kuma a janye shukokin da ake ba ruwa kullum, domin furannin da aka jera a jikin bango don ado sun lalata katangu masu yawa.

Hanya ta biyu ita ce ta sama. Katangar da aka bar kanta a shafe, ruwa yana kwanciya a kai ya tsiyaya cikin ramukan bulo, daga nan ya nemi mafita ta bayan fenti. Abin da ake bukata shi ne hular katanga, wato murfin kankare mai ɗan tudu wanda ya zarce kaurin bangon da yatsu biyu ko uku a kowane gefe, aka kuma yi masa siririn tsagi a ƙarƙashin leɓensa don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bango. Maginan gargajiya sun san wannan tun da daɗewa, shi ya sa suke miƙa indararo nesa da bango, suke kuma yi wa ginin ƙasa shafen makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa.

Sai kuma gaggawa, wadda ita ce cutar aikin da ake yi gab da Sallah ko biki. Gombe tana da masana'antar siminti ta Ashaka da ke Ƙaramar Hukumar Funakaye, wadda ta fara aiki a 1979, amma ingancin siminti ba ya hana sabuwar filasta bukatar lokaci. Ana so a yi ta yayyafa mata ruwa na mako guda don ta yi ƙarfi, sa'annan a bar ta aƙalla kwana 28 kafin fenti ya taɓa ta, domin ɗanyen siminti yana da kaifi irin na toka, wanda yake cinye man da ke cikin fenti mai sheƙi ya mayar da shi wani abu mai santsi da ba ya kama bango. Akwai gwaji mai sauƙi: a manna leda mai faɗin taki biyu a jikin bangon, a rufe gefunanta da salatef, a bar ta ta kwana, idan da safe aka ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, to bangon bai bushe ba.

Fentin da ya dace da katanga shi ne na ruwa wanda aka yi domin waje, mai isasshen danƙon akirilik, wato sinadarin da ke riƙe launi a jikin bango yana kuma barin tururin danshi ya fita. Fenti mai araha yawancinsa garin alli ne, idan kuma aka ƙara masa ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokitin don ya wadatar, to ɗan danƙon da ke ciki ya tsinke ke nan. Haka nan bai kamata a sumulce bangon waje da farin garin da ake yin silin da shi ba, saboda yana shan ruwa ya yi laushi.

Wajen gyaran tsohuwar katanga, sai a kankare duk abin da ya saki, a goge gishirin da busasshen buroshi, a kashe gansakuka da ruwan bilic, a cike tsage, a shafa fentin share fage mai jure kaifin siminti, sa'annan a yi hannu biyu marasa kauri, ana barin na farko ya bushe sarai. Tsohon fentin mai yana iya ƙunsar dalma, don haka a jiƙa shi kafin a kankare, a kuma nisantar da yara daga ƙurarsa. Lokacin da ya fi dacewa a Gombe shi ne makonnin da suka biyo bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙurar hunturu ta yi kauri, kuma a riƙa bin gefen da yake cikin inuwa, domin fentin da ya bushe da sauri a kan bango mai zafi ba ya kamawa. Maigidan da kuɗinsa ba su isa duka aikin ba, gara ya yi hular katanga da daɓen gindinta bana, ya ɗage fenti zuwa baɗi.