Gargaɗi ga Iyayen Briqueterie da Mokolo: Jami'a Na Fin Ƙarfin Ɗan Talaka

Jama'ar unguwannin Briqueterie da Mokolo na Yawunde, a saurara. Teloli, masu tsire, 'yan atamfa, direbobi, malaman allo da limamai, maganar nan ta kowa ce. Wanda ke da ɗa ko 'ya a sakandare, ta fi shafarsa. Karatun jami'a a Kamaru yana ƙara fin ƙarfin talaka. Ba a yi shela ba. Ba a fitar da dokar korar kowa ba. Amma duk shekara ana zubar da 'ya'yan marasa hali a hanya, mu kuwa ba mu ankara ba.

Adadi guda ne ya sa muka saki jiki. A watan Janairun 1993 gwamnati ta yi wa ilimi mai zurfi garambawul. Aka raba Jami'ar Yawunde biyu, ɗaya a Ngoa-Ekellé, ɗaya a Soa. Aka ɗaga cibiyoyin Duwala, Dschang, Buea da Ngaundere zuwa cikakkun jami'o'i. Aka soke alawus ɗin da ɗalibai ke karɓa, aka yanka musu kuɗin rajista sefa 50,000 a shekara. Fiye da shekara talatin ke nan adadin bai motsa ba. Jami'o'in gwamnati sun kai 11, har da na Marwa, Bamenda, Garwa, Bertoua da Ebolowa. Uba ya ji haka sai hankalinsa ya kwanta. Nan ne haɗarin ya fara.

Haɗari na farko shi ne kuɗin da ba a rubuta a takarda ba. Kuɗin rajista ƙaramin kaso ne na abin da ɗalibi ke ci a shekara. Akwai kuɗin cike takardun neman gurbi. Akwai na duba lafiya. Akwai kwafen darussa, da littattafai, da kuɗin intanet. Akwai hayar ɗaki, domin ɗakunan kwanan jami'a ba sa ɗaukar ko kusa da yawan masu nema. Wanda aka tura Soa sai ya kama ɗaki a can, ko ya yi ta jeka-ka-dawo. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta sake tashi zuwa 840 a 2024. Kuɗin tasi a cikin gari ya bi sahu, daga 250 zuwa 350. Uban da ya tanadi 50,000 kawai, kafin tsakiyar shekara zai ga ɗansa zaune a gida.

Haɗari na biyu ya fi wannan muni. Jami'a guda tana komawa biyu a cikin haraba guda. A gefe ɗaya ga fannonin gama-gari masu 50,000, inda ɗalibai ke cika zauren lacca maƙil, wasu a tsaye, wasu a bakin taga. A ɗaya gefen ga kwasa-kwasan sana'a da digiri na biyu na ƙwarewa, waɗanda ake biyan dubu ɗaruruwa. Su ne masu ƙananan azuzuwa. Su ne masu haɗa ɗalibi da kamfanoni. Dokar ilimi mai zurfi ta watan Yulin 2023 ta ƙarfafa wa jami'o'i gwiwa su nemi kuɗin shiga da kansu. Neman kuɗi ba laifi ba ne. Laifin yana zuwa ne idan aka mayar da aljihun iyaye hanya mafi sauƙi. In aka bari haka ta ɗore, ɗan mai kuɗi zai fita da aiki, ɗan tela ya fita da takarda kawai.

Haɗari na uku yana jiran wanda ya rasa gurbi. Makarantun gaba da sakandare masu zaman kansu sun cika Yawunde. Wasunsu na ƙwarai ne. Wasu kuwa ba su da izinin koyar da fannin da suke talla. Allo mai walƙiya a bakin titi ba shaida ba ne. Iyaye su sayar da fili ko su kwashe adashe, yaro ya shekara biyu ko uku, a ƙarshe a ce takardarsa ba ta da daraja. Kuɗi sun tafi, shekaru sun tafi. Kada wanda ya biya ko sisi sai ya tabbatar daga Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi cewa makarantar da fannin duka suna da izini.

Haɗari na huɗu shi ne dillalai. Lokacin jarrabawar shiga manyan makarantu, sukan bi unguwa suna raɗa cewa sun san wani babba. Su nemi kuɗi masu nauyi, ba rasit, ba shaida. Wanda ya ba su ya yi asara biyu. Ya rasa dukiyarsa, ya kuma koya wa ɗansa cewa da cin hanci ake samun gaba. Addininmu ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Haɗari na biyar yana cikin gidajenmu. Idan kuɗi suka gaza, 'ya mace ake fara cirewa. Ta ci jarrabawar Bak ta kammala sakandare da maki mai kyau, amma a ce ta haƙura wa ƙanenta. Gobe kuma mu koka cewa matanmu ba sa samun likita mace ko ungozoma mai jin Hausa a asibiti. Duk yarinyar da aka zaunar bana, unguwa ce ta rasa malama, ko lauya, ko ma'aikaciyar jinya.

Haɗari na shida shi ne makomar wanda ya yanke karatu a tsakiya. Bai samu digiri ba. Bai koyi sana'ar ubansa ba. Yana jin kunyar komawa shago. Sai ya hau acaɓa, ko ya zauna a majalisa daga safe zuwa dare. A nan masu ƙwaya suke samunsa. A nan masu yi wa matasa romon baka da tafiya Turai ta hamada suke samunsa. Matashin da aka nuna wa ƙofa aka rufe ta a idonsa ya fi kowa saurin karɓar mugun kira.

Yanzu ga shugabannin jami'o'i. Da dokar shugaban ƙasa ake naɗa ku, amma amanar 'ya'yan talakawa ce a wuyanku. Ba ku ne ke yanka kuɗin rajista ba, mun sani. Sauran kuwa da yawa suna hannunku. Ku buga cikakken lissafin abin da ɗalibi zai biya tun kafin a buɗe shekara. Ku hana tilasta wa ɗalibai sayen kwafen darussa. Ku ware gurabe a kwasa-kwasan masu tsada ga hazikan da ba su da hali. Ku raba ɗakunan kwana bisa buƙata, a fili, kowa na gani. Ku kula da ɗakin cin abinci da motocin ɗalibai. Ku sassauta wa'adin biya ga wanda ya kawo uzuri na gaskiya. Sabon gini abin yabo ne. Amma ma'aunin shugaban jami'a shi ne yawan 'ya'yan talakawa da suka shiga a zamaninsa kuma suka gama.

Shiru ba alamar lafiya ba ne. A watan Afrilun 2005 ɗaliban Jami'ar Yawunde ta Ɗaya suka shiga yajin aiki kan kuɗin rajista da halin da suke karatu a ciki. Wasu har da yajin cin abinci. Abin ya bazu zuwa sauran jami'o'i, a Buea kuma aka rasa rayukan ɗalibai. Ba ma fatan a maimaita. A maƙwabciyarmu Najeriya, jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗinsu a 2023. A Jami'ar Bayero sai da gwamnatin Kano ta biya wa dubban ɗalibai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba firgita ake so ba, shiri ake so. Uba ya fara tanadi tun yaro na ajin farko na sakandare. Ya zauna da ɗalibin da ke jami'a yanzu, ya ji ainihin abin da shekara ke ci. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Mokolo su buɗe asusun karatu, da littafin shiga da fita, da amintattun da za a iya tuhuma. Masu adashe su ware zubi guda domin rajista. Masu hali su nemi fatawar malamai kan tallafa wa ɗalibi mabuƙaci daga zakka da sadaka. Limamai su ɗauki maganar a huɗubar Juma'a. 'Ya'yan unguwa da suka riga suka gama su dawo su nuna wa ƙannensu hanyar cike takardu da zaɓen fanni.

Wa'adin rajista ba ya jiran kowa. Yaron da ya rasa shekara guda, da wuya ya koma. Alhazai da hajiyoyi, iyaye da yayye, kowa ya duba gidansa da na maƙwabcinsa a wannan makon. In akwai wanda ya ci Bak yana zaune, a tashi a kai shi. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.