Kunnen Cikin Ruwa: Wane Makirufo Ya Dace da Madatsunmu?

Duk masuncin da ya taɓa ciro ƙurungu daga koma ya san kifin nan yana da murya: ƙayar gefensa yake gogawa a mahaɗinta, sai ka ji yana ƙara. A cikin ruwan ma haka yake yi. Namijin karfasa shi ma yana da nasa gurnanin idan yana gadin ramin da ya haƙa. Ba ma jin su daga bakin ruwa ne kawai saboda sautin da ya taso daga ƙasa, da ya iso saman ruwa, kusan duka komawa yake yi.

Ruwa kuwa gwanin ɗaukar sauti ne. A cikinsa sauti yana tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. Tun 1826 wasu masana biyu, Colladon da Sturm, suka auna wannan da ƙararrawa a tafkin Janeba. Makirufon ruwa na zamani ya samo asali ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Paul Langevin na Faransa ke neman hanyar gano jiragen yaƙi masu nutso, ya yi amfani da wani ma'adini mai fitar da lantarki idan an matsa shi. Har yau a kan wannan dabara ake ƙera su.

To, wanne za a saya? Tambayar farko ita ce me ake son ji. Dabbar dolfin tana fitar da sautin da ya haura haz 100,000, alhali kunnen mutum a 20,000 yake tsayawa, don haka masu bin ta sai da na'ura mai tsada. Yawancin kifaye kuwa muryarsu ƙasa da haz 1,000 take, ƙurungu ne ma ke ɗan ɗagawa. Mai bincike a Dam ɗin Zobe da ke Dutsin-Ma, ko a tafkunan Kankiya da Kusada, bai da dalilin biyan kuɗin kayan teku. Abin da zai duba shi ne na'urar ta kasance mai kaifin ji, kuma ba ta da shuuu ɗin kanta, don shi ke haɗiye muryar ƙaramin kifi. Idan wayar tana da tsawo, a nemi mai ɗan ƙara ƙarfi a jikinta, a kuma tabbatar rikodar za ta iya ba shi wuta. Sannan a ɗaure wayar da kyau. In ta riƙa bugun jikin kwale-kwale, aikin ranar ya tashi a banza.

Ba kifi kaɗai ke ƙara a cikin ruwa ba. A gaɓar tekun Neja Delta, ƙarar manyan jirage da bindigar iskar masu neman mai ce ke cika ruwa. Mu a nan injin ban ruwa ne, da rani, sa'ad da ruwa ya ja baya kifaye suka taru wuri ɗaya. Yadda hakan ke shafar hayayyafarsu tambaya ce da ta cancanci a auna.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana kusa da Zobe. Ya kamata ɗalibanta su fara naɗar sautin ruwan nan damina da rani, su tafi da masunta, domin su ne suka san inda kowane kifi ke kwana.