Salansar da Aka Fafe



Duk wanda ya taɓa kwana a Tasawa kusa da babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram, ko ya ci kasuwar Mayahi a bakin Gulbin Kaba, ya san ƙarar nan mai keta dare, wadda ke firgita jariri a bayan uwarsa, ta rikita liman a tsakiyar ƙira'a. Asalinta kuwa rumfar mai walda ce, inda saurayi kan kai babur ɗinsa a tsaga salansa, a zare ƴan farantan da aka jera a cikinta domin su shanye amon inji, a liƙe ta fanko, shi kuma ya hau yana murza totur, musamman ranar rakiyar amarya. A motoci ma akan cire abin nan mai kama da saƙar zuma da ke tace gubar hayaƙi, a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.

Hukuma ba ta yi shiru ba, domin dokar kare muhalli ta Nijar mai lamba 98-56, ta ranar 29 ga Disamba 1998, ta hana gurɓata iska da ƙarar da ke cutar da lafiyar jama'a. A Fabrairun 2020 kuma, a Wagadugu, ministocin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka amince da ma'aunin hayaƙi na Euro 4, suka ƙayyade farar wutar da ke cikin mai, ko da yake Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Amma lalle adalci ya wajabta a bambanta mutum biyu. Ɗan kabu-kabun da salansarsa ta rube, wanda ke sayen fetur ɗin ruwa-ruwa a kwalba domin neman abin sawa a bakin salati, larura ce ta kama shi, ya cancanci rangwame da wa'adin gyara. Wanda kuwa ya biya kuɗi da gangan aka fafe masa ita don alfahari, ya shiga haƙƙin maƙwabci, wanda fuƙaha'un Malikiyya suka tsananta a kansa, har suka yi hukuncin a gusar da hayaƙin da ke cutar da gidan kusa. A ganina, kafin jandarma ya tare shi a hanya, kamata ya yi sarkin tasha da shugabannin masu walda su haɗu su ƙi karɓar wannan aiki, ko nawa aka biya.