Tukunyar Bakin Iyaka: Yadda Baƙo Ke Cin Abinci a Illela

Tun daren Asabar masu sayar da abinci a Illela ke fara tsince shinkafa da gyaran wake, domin Lahadi ce ranar kasuwa. Shanu, raƙuma, tumaki da awaki na shigowa daga Nijar, manyan motoci kuma su kwashe su zuwa kudu. Mai dabba, dillali, direba, ɗan dako, yawancinsu sun baro tukunyar gidansu nesa, kuma su ne ainihin masu cin abincin waje a garin. Magidancin da iyalinsa ke cikin gari ba kasafai yake zama kan benci a yanko masa malmala ba, don kada a ce shi da uwargida ba sa ga maciji.

Mai shayi ne ke buɗe gari bayan sallar asuba. Teburinsa ya sha jeren gwangwanayen madara da Bournvita, ga burodi, ga kiret na ƙwai, ga kwalin Indomie a gefe. Yakan ɗaga kofi sama ya sheƙo shayin cikin wani kofin har ya yi kumfa, ya huce daidai baki. A nan ake jin labaran rediyo, a nan kuma baƙo ke fara sanin yadda naira ta kwana da sefa. 'Yan kilomitoci kaɗan gaba, a Birnin Ƙonni, Hausar ɗaya ce amma teburin ya sauya: dogon burodi irin na Faransa, da Nescafé, da kuma shayin Buzaye da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, a sha shi zagaye uku.

Da rana rumfunan mata ke cika. Tuwon dawa ko na shinkafa da miyar kuka ko kuɓewa, garau-garau da mai da yaji, dambu da zogale. Babu takardar jerin abinci balle farashi a rubuce. Mai ci ne ke yanka wa kansa: "Hajiya, a sa min na dubu ɗaya, a ƙara miya." Ita ma ta san wanda za ta ɗaga wa ƙafa har ya sayar da bijiminsa. Wanda zafin ƙasar Sakkwato ya hana shi tuwo sai ya nemi inuwa wajen Fillo mai nono, a dama masa fura.

Da yamma wutar mai nama ke tashi: tsire, balangu, kilishi, da yankakkiyar albasa. A garin da dabba ke kwana a kasuwa, nama ba ya yin nisa da wuƙa.

Sai dai wannan tukunya ƙofar iyaka ce ke hura mata wuta. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu, ba a buɗe ba sai Disambar 2020, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe, tare da Seme, Maigatari da Mfum. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame hanyar, manyan motoci suka yi cirko-cirko, har zuwa Maris na 2024 da Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. Ana lissafin asarar irin wannan rufewa da kuɗin kwastan da tireloli, ba a cika tuna matar da ta rage mudun shinkafarta ba, ko yaron da ke mata wanke-wanke.

Akwai kuma batun tsafta. A Ingila jami'an ƙananan hukumomi na duba gidajen abinci su ba su maki daga 0 zuwa 5, da yawa kuma na manna makin a ƙofa. Baƙon Illela idonsa ne jami'insa. Abin dubawa na farko shi ne ruwan ɗauraye kwano: idan bahon guda ne tun safe, ya yi kauri da maiƙo, daɗin miyar ba zai fanshe shi ba. Abincin da ke tururi ya fi wanda ya huce a buɗe cikin ƙura da ƙuda, tsire kuma a sa a mayar da shi wuta kafin a naɗe, kuma ba a takardar buhun siminti ba. Cutar kwalara da ta ɓarke a 2021 ta taɓa jihar Sakkwato sosai, kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci take bi, musamman da damina, lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazantar kasuwa zuwa rijiyoyi.