Me ke haddasa raɗaɗin ido?

Da zarar hunturu ya kama, jama'a da dama a arewacin Nijeriya da Nijar kan yi kukan cewa idanunsu na raɗaɗi, tamkar an watsa musu yashi ko barkono.

Akasari matsalar daga hawaye take farawa. A kan ƙwayar ido akwai wani siririn lulluɓi na ruwa da maiƙo, wanda ƙiftawa ke sabuntawa. Busasshiyar iska da ƙura da hayaƙin itacen girki kan ƙafar da shi, sai jijiyoyin da ke gaban idon su fara zogi. Mai daɗewa yana kallon waya ko kwamfuta ma yakan rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba. Abin mamaki, irin wannan busasshen ido shi ne kuma ke yawan zubar da ƙwalla.

Akwai kuma ciwon Afolo, wanda ya ɓarke a Ghana a shekarar 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka na Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata, abin da ya sa aka raɗa masa wannan suna. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, yana yaɗuwa ta hannu da tawul, kuma yakan warke da kansa cikin mako ɗaya ko biyu.

Amosanin ido ya fi shi illa. Ƙuda da ƙarancin ruwan wanke fuska ne ke yaɗa shi, kuma idan ya yi ta maimaituwa, gashin ido kan juya ciki yana kartar ƙwayar ido har ya makantar da mutum. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Ghana ta shawo kan cutar.

Masu walda ba tare da gilashin kariya ba su ma sukan sha azaba, amma sai sa'o'i bayan sun tashi daga aiki, galibi cikin dare.

To sai dai sau da yawa maganin da ake yi a gida ya fi cutar haɗari. Ɗiga fitsari ko ruwan ganye a ido na iya shigar da ƙwayoyin cuta da za su yi gyambo, wani kwallin kuma yana ɗauke da gubar dalma. Maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid, da ake saye a kyamis ba da takardar likita ba, yakan kwantar da raɗaɗin nan take, amma yawan amfani da shi na iya haddasa hawan jinin ido, cutar da ba a iya dawo da ganin da ta cinye.

Idan raɗaɗin ya haɗu da dusashewar gani, ko farin tabo a baƙin ido, ko matsanancin ciwon kai da amai, wajibi ne a garzaya asibiti a ranar. Wanda kuwa ruwan batir ko siminti ya fantsamar wa, ya fara wanke idon da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20 kafin ya kama hanya.